Tsofaffin motocin gudu da na zamani: tambayoyi da amsoshi kan daɗin tuƙi

Duk wanda ya san mota ya san ta yau ta fi ta jiya gudu, ta fi ta kama birki, ta kuma fi ta kare ran wanda ke ciki. Duk da haka, a Ingila da Jamus da Italiya da Amurka da Japan akwai ɗimbin mutane masu halin sayen sabuwa fil a leda, amma ranar hutu sai su ɗauki makullin motar da ta girmi 'ya'yansu, wadda ba ta da na'urar sanyi, ba ta kuma tashi da safe sai an lallaɓa ta. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan sha'awa, da amsoshinsu yadda nake ganin lamarin.

Wace irin mota ake magana a kai?

Ƙananan motoci ne masu ƙofa biyu, galibi kujera biyu, kwance dab da ƙasa, waɗanda aka ƙera don daɗin tuƙi kawai, babu ruwansu da ɗaukar iyali ko kaya. Waɗanda aka fi ambata sun fito tsakanin shekarun 1950 da ƙarshen shekarun 1980. Akwai Mercedes 300 SL ta 1954 mai ƙofofin da ke buɗewa sama, da Jaguar E-Type da aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, da MGB da Lotus Elan na 1962, da Datsun 240Z ta 1969. Sai Porsche 911, wadda aka nuna a Frankfurt a 1963 da sunan 901, kamfanin Peugeot ya ce shi ke da haƙƙin sunan mota mai lamba uku da sifili a tsakiya, aka canja mata.

Ta fuskar shekaru, ƙungiyar FIVA mai kula da tsofaffin motoci a duniya ta tsayar da shekara 30 kafin a kira mota tsohuwa. Jamus ma a shekara 30 take bai wa mota lamba mai harafin H a ƙarshe. A Birtaniya kuwa sai mota ta cika 40.

Tunda sabuwa ta fi gudu, me ake nema a tsohuwa?

Nan ne gundarin zancen. Porsche 911 ta farko tana da ƙarfin doki 130, tana ɗaukar kusan daƙiƙa 9 kafin ta kai kilomita 100 a awa, iyakarta kuma wajen 210. Mafi ƙanƙanta a cikin 911 na yau ƙarfinta ya doshi doki 400, tana kai kilomita 100 cikin kusan daƙiƙa 4, tana haura 290. A takarda babu haɗi.

Amma titi ba takarda ba ne. A Birtaniya iyakar gudu a babban titi mil 70 ne, wato kusan kilomita 112, a yawancin ƙasashen Turai kuma 120 ko 130. Mai sabuwar mota kafin ya gama da giya ta uku ya riga ya karya doka, kuma har lokacin motar ba ta ma san ana tafiya ba. Ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da rabinsa ba sai in ya je filin tsere. Mai MGB kuwa, da ƙarfin dokinsa 95, yana iya take totur har ƙasa, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya har ta huɗu, injin yana ruri, iska tana dukan fuskarsa, ya duba maleji ya ga bai wuce kilomita 100 ba. Ya yi amfani da duk abin da motar take da shi, bai saɓa wa kowa ba.

Abin da nake ganin ya fi wannan ma shi ne, tsohuwar mota tana bukatar direbanta. In ka shiga kwana da kyau, kai ka yi. In ka canja giya ba a ji ko ƙis ba, hannunka da ƙafarka ne. In ka yi kuskure, nan take za ta gaya maka. A sabuwa akwai kwamfutoci da ke gyara kuskurenka tun kafin ka san ka yi shi, suna rage wuta, suna taɓa birkin taya ɗaya, suna zaɓen giya. Za ka fita kwanar da gudu fiye da na tsohuwa nesa ba kusa ba, amma ba za ka iya rantsuwa cewa gwanintarka ce ba. Mutumin da ke son ya koyi abu ya iya shi da hannunsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne a wurinsa.

Ana cewa sitiyarin tsohuwa yana magana da direba. Yaya ke nan?

A tsofaffin motocin nan ƙarfe ne zalla ya haɗa sitiyari da tayoyin gaba, babu famfo babu injin lantarki a tsakani. Porsche 911 ba ta samu na'urar sauƙaƙa sitiyari ba sai a 1989. Saboda haka duk abin da taya ta taka yana isowa tafin hannu: tsakuwa, santsin ruwa, gefen kwalta. Yayin da kake cikin kwana sitiyarin yana ƙara nauyi gwargwadon yadda taya ke riƙe ƙasa, da ta fara sakewa kuma sai ka ji ya yi sakayau. Wanda ya saba hawan doki zai gane abin, domin mahayi ta linzami da cinyoyinsa yake sanin abin da dokin zai yi kafin ya yi shi.

Sabbin motoci sun koma sitiyarin lantarki, Porsche ta sa wa 911 nata a 2011. Yana rage shan mai, yana da sauƙin juyawa, ya kuma fi dacewa da na'urorin tsaro. Sai dai yana tace mafi yawan wannan saƙo kafin ya iso hannu. Faɗin taya ma yana da nasa: tayar 911 ta farko milimita 165 ce, ta bayan ta yau ta kusa 300. Siririyar taya tana sakewa a hankali, a ƙaramin gudu, tana ba ka lokacin gyarawa. Faffaɗa tana riƙewa ƙam har zuwa gudun da in ta saki, sai dai ikon Allah.

Nauyi fa, yana da tasiri sosai?

Ƙwarai kuwa. Lotus Elan nauyinta wajen kilo 700 ne, 911 ta farko ta ɗan haura 1,000, ta yau ta wuce 1,500. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, a kan rage nauyi ya gina sunansa. Ƙarin ƙarfin injin a miƙaƙƙen titi kaɗai yake taimako, amma rashin nauyi yana taimako wajen tashi da tsayawa da juyawa gaba ɗaya. Nauyin sababbin ba banza ba ne, ƙarfen kare hatsari ne da jakunkunan iska da na'urori. Amma mota mai nauyi, kome kyan ƙirarta, ba ta da wannan zafin nama.

Me ya sa ake ta ƙorafi kan giyar hannu, alhali atomatik ta fi sauri?

Ta fi sauri, babu gardama. Giyabos mai kuloci biyu irin PDK da Porsche ta sa wa 911 a 2008 yana canja giya cikin ƙiftawar ido, babu hannun ɗan Adam da zai kamo shi. Ferrari ta daina giyar hannu tun farkon shekarun 2010, Corvette ta 2020 ma ta fito babu ita.

Amma masu son tuƙi ba daƙiƙa suke ƙirgawa ba. Akwai wata dabara da suke ji da ita: kana tunkarar kwana, kan ƙafar dama yana kan birki, gefenta ko dundunia yana ɗan taɓa totur don injin ya tashi daidai da giyar da za ka koma, ƙafar hagu tana kan kuloci, hannu ɗaya kan sitiyari ɗaya kan giya. Gaɓoɓi huɗu suna aiki tare cikin daƙiƙa guda. Akan ɗauki watanni kafin ta zauna. E-Type ta farko ma, har zuwa 1964, giyarta ta ɗaya ba ta shiga cikin tafiya sai an taka kuloci sau biyu, abin da tsofaffin direbobin manyan motoci suka sani sarai.

Cewa wannan sha'awa da gaske take, Porsche ta gani da idonta. A 2013 ta fitar da GT3, wani samfurin 911 mai zafin gudu, atomatik zalla, masu saye suka yi ta kuka, a 2017 ta dawo musu da giyar hannu.

Ƙarar injin da ake yabo, ba hayaniya ba ce kawai?

Ga direba, ƙara labari ce. E-Type tana da silinda shida a jere da kafireta uku, kana jin yadda suke zuƙar iska daban da yadda salansa ke amsawa. Tsohuwar 911 iska ke sanyaya injinta, babu lagireto babu rigar ruwa da za ta danne sauti, shi ya sa ake jin kukan fanka da motsin ƙarafa a bayan kujera. A 1998 aka rufe wannan babi, aka koma ruwa. Da kunne direba ke sanin lokacin canja giya, da kunne yake gane fulogi ɗaya ya fara ƙin wuta.

Sabbin injina mafi yawa suna da turbo, na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, da matatun hayaƙi, dokokin ƙara kuma sun tsananta, duk suna shaƙe murya. Har ta kai wasu kamfanoni suna ƙara sautin injin ta lasifikar cikin mota, kamar yadda BMW ta yi a M5 ta 2011. Wannan kam bai kwanta mini ba ko kaɗan. Sautin da ba daga injin ya fito ba, babu abin da zai gaya wa direba game da lafiyar injin.

Anya ba begen zamanin ƙuruciya ne kawai ke damun dattawa ba?

Akwai shi a ciki. Amma da shi kaɗai ne, da sha'awar ta mutu tare da masu ita. A bikin tsofaffin motoci na Goodwood Revival da ake yi a kudancin Ingila tun 1998, da gasar Mille Miglia ta Italiya da ke tashi daga Brescia zuwa Roma ta dawo, matasan da ba a haifa ba lokacin da aka ƙera motocin suna cika wuri.

Maganar hatsari fa? Tsohuwa tana da aminci?

A'a, kuma ban yarda mai son waɗannan motoci ya ɓoye wannan ba. Mutane da yawa suna ganin kaurin ƙarfen motar da ya fi, suna cewa ta da ita ce mota. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin amincin motoci, ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowace tana gudun kusan kilomita 64. Ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, sitiyari ya shigo ciki, na sabuwar kuwa ya tsaya da siffarsa. Sabuwar mota an tsara gabanta ya lanƙwashe ya shanye bugun, don kada jikin mutum ya shanye shi.

Bel mai riƙe kafaɗa da ƙugu, Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a Volvo a 1959, kuma an ɗauki shekaru kafin ya game ko'ina. Birkin ABS mai hana taya daskarewa ya shigo motocin Mercedes a 1978, na'urar hana zamewa ta ESP a 1995, Tarayyar Turai ta wajabta ta ga duk sabuwar mota a 2014. Motar 1965 ba ta da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan biyu, ba ta da jakar iska, wata ma ba ta da matashin kai a kujera. In marar rufi ce ta kife, babu abin da ke tsakanin kai da kwalta.

Don haka masu hankali a cikin masu ita suna sa bel na zamani, suna sabunta tiyon birki, suna canja taya saboda tsufa ko da zanenta bai cinye ba, suna barin tazara mai yawa, suna guje wa dare da ruwan sama. Ba motar kai yara makaranta ba ce. Wanda zai tuƙa ta ya sani rai ɗaya gare shi, kuma akwai na wasu a kan titin.

Gaskiya ne tsohuwar 911 tana juyawa da mai ita?

Gaskiya ne. Injinta yana bayan tayoyin baya, nauyi ya taru a can. In ka shiga kwana da gudu, ka tsorata ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, nauyi zai zube gaba, baya ya yi sakayau ya nemi wuce gaba. Kamfanin da kansa ya taɓa sa ƙarafa masu nauyi a cikin bambar gaba don daidaita ta, a 1968 kuma ya ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. 911 Turbo ta 1975 mai doki 260 ta ƙara wata matsalar, domin ƙarfinta yakan yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce ka gama birki tun titi yana miƙe, ka shiga a hankali, ka fita da wuta. Wanda ya koyi haka yakan ce babu motar da ke saka wa direba kamarta.

Wahalar kula da ita ba ta cinye daɗin ba?

Ya danganta da halin mutum, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tsohuwar mota tana son a duba baƙin mai kafin a fita, a ja cok da sanyin safiya, a bar injin ya ɗumama. Kafireta tana son saiti, kwantak yana son gyara, akwai wuraren da ake ɗura wa giris lokaci-lokaci. Motocin Ingila na wancan zamani sun yi suna wajen ɗigar mai da rikicin waya. Babban abokin gaba kuwa tsatsa ce, domin ba a iya kare ƙarfe a lokacin kamar yanzu ba.

Ladan wahalar shi ne, kana buɗe bonet ka ga komai ka gane shi. Da sifana da sukudireba da littafin gyara, mutum mai natsuwa zai yi rabin aikin a gidansa. Sabuwar motar gudu kuwa in fitila ta kama a gaban direba, sai an jona ta da kwamfutar dila. Kayan gyara ma, ga motocin da aka ƙera da yawa, ba su da wuya. An yi MGB sama da 500,000 a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, kuma tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodinta sukutum.

Fetur ɗin yau yana yi mata?

Yana yi, da sharaɗi biyu. An ƙera injinan da yawa lokacin fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga cinyewa. An daina sayar da irinsa a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, don haka ko a sa mazauni mai tauri ko a riƙa zuba maganin da ke maye gurbin dalmar. Na biyu, fetur mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba yana kuma jawo danshi cikin tanki. Tiyon mai da ya tsage a kusa da injin mai zafi gobara ce, a canja shi tun da wuri.

Sai attajiri ne zai iya?

Labaran gwanjo ne ke sa a zaci haka. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO, ɗaya daga cikin 36 da aka yi, a kan dala miliyan 48.4. A 2022 wata Mercedes 300 SLR ta 1955 ta kai yuro miliyan 135. Waɗannan sun tashi daga mota sun koma kadara, kuma abin yana ba ni takaici, domin motar da aka kulle a ɗaki ana tsoron ƙara mata maleji ta rasa dalilin ƙera ta. Daɗin da nake ta bayani ba ya bin farashi. MGB ko Triumph Spitfire ko Mazda MX-5 ta farko, a kasuwannin Turai ana samun mai lafiya da abin da bai kai kuɗin sabuwar ƙaramar motar gida ba. Sai dai a tuna araha ba ta ado, wadda aka saya da arha tana ruɓe ita ce za ta fi cin kuɗi.

Irin waɗannan motoci za su jure zafi da ƙura da titunanmu?

Wasu sun riga sun nuna. Datsun 240Z ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, Peugeot 504 mai ƙofa biyu da injin V6 ta lashe ta a 1978, 'yar'uwar 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Amma waɗannan an ɗaga su an ƙarfafa su don gasar. Motar Ingila da aka tsara don sanyi tana bukatar lagireto mai girma da fankar lantarki kafin ta shiga cunkoson Kano a watan Afrilu, matatar iska kuma sai an riƙa dubawa lokacin hunturu. E-Type ƙasa-ƙasa take, tudun rage gudu ɗaya zai iya tafiya da salansarta.

Akwai sauƙi ta wani ɓangaren. Busasshiyar iskar arewa ba ta kawo tsatsa kamar gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Tsofaffin makanikai da suka ƙware a kan kafiretar 504 da injin Boswaja mai sanyaya da iska, aikin ba baƙo ba ne a hannunsu. Mai niyyar shigo da ita ya fara bincika dokar kwastan kan shekarun mota, ya kuma tuna Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilu 1972, don haka mai sitiyari a hagu zai nema.

Babu sabuwar da ke ba da irin wannan daɗi?

Akwai kaɗan. Mazda MX-5, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989 da doki 116 da nauyin da bai kai kilo 1,000 ba, daga ƙananan motocin Ingila irin Elan ta ɗauki darasi, ta haɗa da ingancin Japan. A 2016 aka cika miliyan ɗaya, kuma ta yau ma nauyinta bai yi nisa da na farko ba. Toyota GR86 da Caterham Seven suna kan wannan hanya. Akwai kuma masu ɗaukar tsohon bodi su sabunta cikinsa, kamar Singer a Kalifoniya da ke aiki kan 911, da Eagle a Ingila da ke aiki kan E-Type, amma kuɗinsu ya fi na sabuwar mota. Masu cire injin su sa batir kuwa, sun cire ƙarar da giyar da rashin nauyin, wato mafi yawan abin da aka zo nema.

In zan sayi ta farko, me zan fara dubawa?

Bodi kafin injin. Injin ana sauke shi a gyara a san iyakar kuɗin, ruɓaɓɓen ƙarfe kuwa sai an buɗe ake sanin zurfinsa. A ɗaga motar a duba ƙasanta da fitila, musamman dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen da ke ƙarƙashin kafet, da inda shokazoba ke ɗaure. A bi gefen bodi da ɗan maganaɗisu, inda bai kama ba akwai cikon da aka rufe da fenti. A ce wa mai ita kada ya tayar da injin kafin a zo, domin injin mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi da ƙwanƙwasa. A gwada lambar bodi da ta takarda, a nemi rasiɗan gyaran baya. A tuƙa ta har injin ya yi zafi sosai, a saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen wuri a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa. Sannan a tafi da makaniken da ya san irin motar, a kuma ware wani kaso na kuɗin don gyaran shekarar farko, domin roba da tiyo da birki kusan kullum sai an sabunta su.